Abin da za ka tarar ranar da ka je awon sandar golf a babban kanti

Manyan kantunan kayan golf, irin su PGA Tour Superstore da Golf Galaxy a Amurka ko American Golf a Birtaniya, galibinsu suna ware wani lungu a ciki: raga a kewaye, koriyar tabarmar roba a ƙasa, farin allo a gaba, ga na'urar auna bugu a ajiye a gefe ko a baya. A nan ake awon sanda. Kai kana buga ƙwallo, na'ura tana fitar da alƙaluma, mai awon kuma yana sauya maka kai da ƙota har a dace da haɗin da ya karɓi hannunka. Ina ganin amfanin wannan aiki ƙwarai, duk wanda ya nemi shawarata nakan ce masa ya je. Sai dai na ga mutane da dama sun fito daga lungun nan da sandunan da aka auna wa wani ɗan wasa dabam, wanda ya bayyana na ɗan lokaci a gaban allo yana nuna bajinta, alhali ba shi ne zai riƙe su a fili ba. Shi ya sa nake so ka san abin da ke jiranka tun kafin ka fita daga gida.

Fara da kama lokaci, ta waya ko ta shafinsu. Wanda ya dira kwatsam ranar hutu, kanti a cike, yawanci sanda biyu ko uku ake miƙo masa ya ɗan taɓa, wannan kuwa bai kai a kira shi awo ba. Ka tambaya ko ana biyan kuɗin aikin, kuma ko ana rage shi daga farashi in ka yi sayayya, domin kantuna sun sha bamban a kan haka. Ka ji kamfanonin da suke da kawunansu na gwaji. In kai bahago ne, faɗa tun a waya, don kayan masu hagu sukan yi ƙaranci. Awon draiba (doguwar sandar bugun farko mai nisa) kaɗai ko na ayon (sandunan masu kan ƙarfe da lamba a ƙasansu) kaɗai yakan ci kusan awa guda. Na jaka gaba ɗaya yana iya kai wa awa uku ko fiye, ni kuwa ba na goyon bayan a yi shi a zama ɗaya. In bugu ya yi yawa kafaɗa ta yi nauyi, duk abin da na'ura ta rubuta daga nan gajiyarka ta rubuta. Raba shi gida biyu.

Ka tafi da jakarka. A kan wannan na fi nacewa, domin ba abin da zai gaya maka sabuwar sanda ta fi sai ka gwama ta da tsohuwarka a ɗaki ɗaya, a na'ura ɗaya, da ƙwallo iri ɗaya, a rana ɗaya. In ka je hannu rabbana, kowace lamba aka nuna maka za ta burge ka, tunda ba ka da wadda za ka ajiye kusa da ita. Ka sa takalmin da kake wasa da shi, saboda tudun takalmi yana sauya tsayuwarka a kan ƙwallo, ka ɗauki safar hannunka, ka kuma jefa ƙwallayen da ka saba bugawa a aljihun jaka. Wasu kantuna za su bari ka buga naka muddin suna da tsabta ba za su ɓata allo ba, wasu kuma na'urarsu tana bukatar ƙwallo mai alama ta musamman. Ko ma yaya ne, ka tabbata ƙwallon da ake gwajin da shi na wasa ne, ba irin mai taurin nan na filin atisaye ba.

Kafin a buga komai za a yi 'yar hira. Zai tambaye ka sau nawa kake wasa, maki nawa kake ci a zagaye, ina ƙwallonka yake karkata in ya ɓaci, da abin da ka ware na kuɗi. A nan mutane suke fara cutar kansu. Wanda ya saba gama rami 18 da bugu 98 sai ya ce 90. Wanda draibarsa take yadi 200 sai ya ambaci bugun da ya taɓa yi sau ɗaya iska na bayansa. Mai awon da amsarka yake zaɓar kawunan da zai fara ciro maka, in ka ƙara gishiri ya fara daga inda bai kamata ba. Faɗi gaskiya tsirararta: ƙwallona yana lanƙwasa dama, ina yawan sarar ƙasa kafin ƙwallo, gwiwar hannuna tana ciwo in na buga da yawa. Wannan na ƙarshe kaɗai ya isa ya sa a gwada maka ƙotar girafait, wadda ta fi sauƙi da rage girgiza, maimakon ta ƙarfe. In kana ɗaukar darasi wajen malami kuma yana tsakiyar gyara maka bugu, sanar da shi shi ma.

Daga nan sai awon jiki, wanda ba ya ɗaukar lokaci. Za a auna tsawonka, a ce ka tsaya a miƙe hannuwa a sake, a auna daga gaɓar wuyan hannu zuwa ƙasa, wani lokaci a auna tafin hannu da dogon yatsa. Kamfanin Ping na Karsten Solheim ne ya yaɗa wannan tsari da jadawalin launukansa tun 1972, inda ɗigon baƙi yake nufin daidaitaccen zaman kan sanda a ƙasa, sauran launuka kuma ƙari ko ragi. Wannan mafari ne kawai. Mutum biyu masu tsawo ɗaya suna iya isowa kan ƙwallo ta hanyoyi mabambanta, saboda haka in aka tsaya a tef ɗin awo aka ce an gama, ka nemi a ci gaba.

Ka nemi minti goma na ɗumama jiki, kada kunya ta hana ka. Bayan haka za ka fara da sandarka, yawanci ayon 7 in awon ayon ne, domin ita ce kamfanoni suke aikowa ta gwaji. Yi bugun da kake yi a rami na goma sha biyu ranar da ba kowa ke kallo. Lungun nan yana da wani abu da ke zuga mutum: ga allo yana nuna gudu, ga mai awo a tsaye, ga masu wucewa suna leƙe, sai ka ji kana son ka ƙure ƙarfinka. In ka yi haka za a ba ka ƙota mai tauri da nauyi wadda ta dace da bugun da ba za ka iya maimaitawa tsawon awa huɗu a fili ba. Haka kuma in ka yi mummunan bugu, kada ka yi saurin cewa a goge. Wanda ya kauce gaba ɗaya, kamar ka sari saman ƙwallo ya yi birgima, a cire shi ba laifi. Amma kuskuren da ka saba yi kullum dole ya zauna a lissafi, domin shi ne ainihin abin da aka zo nema wa magani.

Na'urorin da aka fi gani iri biyu ne. Akwai mai aiki da rada kamar TrackMan, ta kamfanin Denmark, wadda ake ajiyewa a bayanka tana bin ƙwallo. Akwai mai kyamara kamar GCQuad ta Foresight, da take zama a gefe tana ɗaukar hotunan lokacin haɗuwar sanda da ƙwallo, shi ya sa za ka ga an manna wasu ƙananan ɗigogi masu sheƙi a fuskar sandar. Dukansu suna cika allo da lambobi fiye da ashirin, kuma ba duka ne suka shafe ka ba.

Ka fara duba gudun kan sanda da gudun ƙwallo. 'Yan wasan PGA Tour, gasar ƙwararru ta Amurka, matsakaicin gudun draibarsu yana wajen mil 113 zuwa 115 a awa, namiji mai wasan sha'awa kuwa yawanci mil 90 da 'yan kai. Wannan lambar ba ta cika motsawa da sauyin sanda ba. Wadda take motsawa ita ce ta ƙwallo, kuma in aka raba gudun ƙwallo da na sanda ana samun lambar da ke nuna yadda bugu ya zauna a tsakiyar fuska. A draiba 1.50 ita ce kusan ƙololuwa. Ɗauki mutum mai gudun mil 95: in lambarsa 1.38 ce ƙwallonsa yana tashi da mil 131, in ta kai 1.48 ya haura 140. Kowane mil ɗaya na gudun ƙwallo kusan yadi biyu ne, ka ga ya samu abin da ya kusa yadi ashirin ba tare da ya ƙara ƙarfi ko kaɗan ba. Mafi yawan nisan da awo yake samar wa mutum ta wannan ƙofa yake shigowa.

Sai kusurwar tashi da juyin ƙwallo, waɗanda tare ake karanta su. A draiba yawancin mutane suna samun daidai tsakanin juyi 2,000 da 3,000 a minti, mai sanyin bugu kuma yana bukatar tashi sama da ɗan ƙarin juyi don ƙwallo ya daɗe a iska. Sannan ka roƙa a nuna maka nisan da ƙwallo ya yi a sama kafin ya sauka, ka rabu da jimillar da aka haɗa da birgima, domin birgimar kwamfuta ce take ƙiyasta ta gwargwadon taurin ƙasar da aka saita mata. Rami mai tafki a gabansa nisan sama kaɗai ya sani.

Abin da na fi zuba wa ido shi ne hoton watsuwa. Na'ura tana ɗiga wurin da kowane ƙwallo ya sauka, ta zana da'ira a kewaye, kowace sanda da launinta. Ka ce a ɗora da'irar tsohuwarka a kan ta sababbin. Sandar da ta ba ka bugu ɗaya mai nisan gaske amma da'irarta ta baje daga hagu zuwa dama, ita ce za ta riƙa kai ka cikin bishiyoyi. Wadda ta gaza ta da yadi uku amma ɗigoginta suka taru wuri ɗaya, ita nake ɗauka, ko da allo bai yi mata kirari ba.

Yanzu aka zo sauye-sauye. Mai awon yana da keke ko bango cike da kawuna da ƙotoci, da ɗan makulli a hannu. Zai zura ƙota a kai, ya murza har ka ji ƙas, ya miƙo maka. Bugu biyar ko shida, ya karɓa, ya kwance, ya sauya. Nagari abu ɗaya yake sauyawa a lokaci guda, ko kai ko ƙota, don a san wanda ya kawo bambancin. In ka ga ana sauya biyun tare kuma ana sauri, ce masa a dakata. Ka riƙa faɗin abin da hannunka ya ji: wannan ta yi mini nauyi, wannan ban san inda kan yake ba, wannan ƙararta ba ta yi mini ba. Ido ma yana da haƙƙi, domin sandar da ka duba a ƙasa ka ji ba ta kwanta maka ba, da wuya ka buga ta da natsuwa.

Game da haruffan da ke jikin ƙota, L, A, R, S da X, daga mai laushi zuwa mai tauri, ka sani babu ma'auni ɗaya da duk kamfanoni suka amince da shi. S ta wannan kamfani tana iya zama R ta wancan. Nauyi ya fi harafin tasiri a wajen mutane da yawa. Ƙotar ƙarfe ta ayon tana kamawa daga giram 95 har zuwa 130 kamar Dynamic Gold, ta draiba kuwa yawanci giram 50 zuwa 70. Ni nakan ce wa mai awo kada ya gaya mini harafin sai na gama bugawa, saboda akwai girman kai da ke maƙale da harafin S wanda ba ya taimakon kowa.

Akwai wani wuri da nake so ka buɗe ido sosai. Na taɓa raka wani abokina wani babban kanti, ya buga tsohuwar ayon 7 ɗinsa yadi 140, aka miƙo masa sabuwa ta tafi 158. Fuskarsa ta washe, har ya fara lalube aljihu. Na ce da mai awon, “Malam, wannan bakwai ɗin digiri nawa ce?” Ina nufin kwanciyar fuskar kai, wadda in ta ragu ƙwallo yakan fi nisa. Ya duba ya ce 28. Ta abokina 34 ce. Wato abin da aka ba shi ya fi kusa da ayon 5 ko 6 ta jakarsa, lamba 7 kawai aka buga a ƙasanta. Kamfanoni da dama sun daɗe suna miƙar da fuskar ayon haka, kuma ba zan ce duk yaudara ba ce, tunda sababbin kawuna suna ɗaga ƙwallo sama fiye da na da. Amma hanyar ganewa ita ce a duba kusurwar sauka da juyi. Ƙwallon ayon 7 yana bukatar ya sauko da kusurwar da ta kai wajen digiri 45 in ana so ya tsaya a kan girin, wato gajeriyar ciyawar da ke kewaye da rami. Na abokina da sabuwar a 38 yake sauka, juyin ma ya ragu sosai, ma'ana zai dira ya zarce bayan girin. Da aka gwada masa wani kai mai digiri 31 da ƙota mai sauƙi, nisan ya tsaya a 149, saukar ta gyaru, da'irar ta tsuke.

Sai zaman kai a ƙasa, wanda mutane suka fi rainawa alhali shi ne yake karkatar da kyakkyawan bugu. Za a manna tef a ƙasan ayon, a ajiye wani allo na roba mai tauri, a ɗora ƙwallo a kai ka buga. Ƙarar tana da firgitarwa a karon farko, amma ba abin da zai sami sandar. Sai a juyo ta a duba inda tef ɗin ya goge. In gogewar tana tsakiya, lafiya lau. In ta matso dunduniya, wato ɓangaren ƙota, sandar ta miƙe da yawa, kuma ga mai bugu da dama ƙwallo hagu zai riƙa tafiya. In ta koma can ƙarshen kai, ta kwanta da yawa, ƙwallo zai yi dama. Wasu masu awo sun fi son su ja layi a tsaye da alƙalami mai kaurin baki a jikin ƙwallo, ka buga, layin ya fito a fuskar sanda, su duba ko ya karkata. Illar tana ƙaruwa ne a gajerun sanduna, wej, wato gajeriyar sandar ɗaga ƙwallo sama daga kusa, ta fi ayon 5 jin ta nesa ba kusa ba. A tsayar da tsawo tukuna kafin a zo nan, domin ƙarin rabin inci yana miƙar da zaman da kusan digiri ɗaya.

A draiba kuwa, tsawo ne abin tambaya. Waɗanda ke kan kanta yanzu yawanci inci 45 da rabi ne ko fiye, ƙwararru da yawa kuma da gajeru suke wasa. Ka sa a fesa farar hoda ko a manna takarda a fuska ka buga biyar, ka duba tabon. In ya watsu ko'ina, nemi a gwada maka wadda aka rage wa rabin inci ko inci guda. Kada kuma ka sa ran abin al'ajabi: dokokin R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, sun ƙayyade girman kan draiba a cc 460, sun kuma iyakance yadda fuska take cilla ƙwallo, duk manyan kamfanoni kuma sun daɗe da isa bakin wannan iyaka. In draibarka ba ta wuce shekara uku ko huɗu ba, wataƙila murza wuyanta da makulli a ƙara digiri ɗaya ya wadatar.

Ka riƙe a zuciya cewa ɗaki ɗaki ne. Tabarma tana yafe sarar ƙasa, sanda ta zame ta sami ƙwallo, bugun da a kan ciyawa zai tsaya rabin hanya. Ba iska, ba gangara. Saboda haka awon wej a tabarma rabin labari ne, tunda yadda ƙasan wej take shiga ciyawa da yashi shi ne muhimmi. Abin da za a iya yi a ɗaki shi ne duba tazara: a bar kimanin digiri 4 zuwa 6 tsakanin wej da wej, da yadi 10 zuwa 15 tsakanin kowace sanda da mai bi mata. In ayon 4 da 5 ɗinka wuri ɗaya suke sauka, ɗaya ta cinye gurbi a banza cikin sanduna 14 da doka ta yarda, gara haibirid, sandar da ke tsakanin ayon da manyan sanduna masu faɗin kai, ta maye ta. Mariƙi kuma, wato robar da ke wurin riƙe ƙota, minti biyu ne, ka riƙa masu kauri daban-daban ka ji wanda yatsunka suka zagaye ba tare da matsi ba.

A ƙarshen zaman za a zo maganar ciniki, kuma ba laifi ba ne, kanti ne. Tambayi ko ƙotar da ta yi nasara tana cikin waɗanda ke zuwa da kan ba ƙari, ko ta ƙarin kuɗi ce. In ta ƙari ce, a sake gwada mafi kusa da ita cikin na asali ka ga bambancin da idonka. Sau da yawa ɗan kaɗan ne. Ka nemi takardar awo a rubuce ko a imel: sunan kai, digirin fuska, suna da nauyi da taurin ƙota, tsawo, zaman kai, girman mariƙi, da alƙaluman tsohuwa da sabuwa. Ba dole ne ka saya a ranar ba. In sabuwar ba ta doke tsohuwar a fili ƙarara ba, tambaya ko za a iya lanƙwasa naka ko a sauya musu mariƙi. Kawunan da aka ƙera da bugu suna lanƙwasuwa cikin sauƙi, na zubi kuwa sukan yi gardama, wasu ma ba sa jure fiye da digiri ɗaya ko biyu. Mai awon da ya ce maka ka riƙe sandarka, ka riƙe sunansa don gaba.

In ka ba da oda, sandunan daga masana'anta za a haɗo su, kuma jiran yakan kai makonni. Ranar da suka iso kada ka wuce da kwalin gida. Buɗe shi a kantin, ka sa a ɗora kowace ayon a injin awo a duba digirin fuska da zaman kai da tsawo, a gwama da takardarka, domin ana samun saɓanin digiri ɗaya nan da can ko a manyan kamfanoni. Ka tambayi kwana nawa suke ba da damar dawowa a yi gyara, sannan ka yi zagaye biyu ko uku a kan ciyawa cikin wa'adin, kana rubuta nisan kowace sanda da gefen da take kaucewa. Da wannan rubutun za ka koma musu in akwai abin gyarawa.